Yi wa Kai Hisabi: Amfaninsa ga Hakimai da Malamansu

Duk wanda aka taɓa ba amanar kuɗin jama'a ya san al'adar rufe littafi. A zamanin En'e, watau kafin gyaran ƙananan hukumomi na shekarar 1976, malamin haraji na kirki ba ya tashi daga aiki sai ya haɗa jimlar abin da ya karɓa a ranar, ya gwada ta da rasiɗan da ya rubuta, sa'an nan ya ƙirga abin da ke cikin akwati. In sun yi daidai, ya tafi gida hankalinsa kwance. In kuwa sule ɗaya ya ɓace, a daren nan zai neme shi, domin ya san kuskuren da aka kama ran da aka yi shi gyaransa ba wuya. Wanda ya kwana wata uku kuwa, sai mai binciken littattafai ya tono shi, a lokacin da ba wanda ya tuna mafarinsa, sai zargi da ɓacin suna.

Akwai wani lissafi wanda ya fi na kuɗi nauyi, amma ba mai binciken da ake aikowa ya duba shi. Shi ne lissafin yadda mutum ya tafiyar da yininsa: maganar da ya yi, da hukuncin da ya yanke, da wanda ya saurara, da wanda ya kora. Malamai suna kiran duba wannan lissafi muhasaba, watau mutum ya yi wa kansa hisabi. Nufin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa hakimai da malamansu amfanin wannan al'ada, da yadda ake yin ta, da kuma hatsarin da ke cikinta in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba.

Dalilin da ya sa ta fi wajaba ga mai riƙon ƙasa

Aikin hakimi ya sāke da yawa. An soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a shekarar 1979, kuma mulkin yau da kullum ya koma hannun ƙananan hukumomi. Abin da ya rage a hannun hakimi shi ne abin da ya fi wuyar aunawa: sulhu a kan iyakar gona da rabon gado, da raba manomi da makiyayi, da sa ido a kan baƙi da zaman lafiyar ƙasa, da jawo hankalin jama'a ga rigakafi da makaranta, da kai rahoto ga Sarki da hukuma. A dā ana iya cewa wane ya cika harajinsa, wane bai cika ba. Yanzu kuwa ba wata jimla da za a haɗa a ƙarshen shekara a ce ga yawan adalcin da hakimi ya yi. In bai auna kansa ba, ba mai auna shi sai ran da ƙara ta kai fadar Sarki.

Dalili na biyu shi ne mai sarauta ba safai yake jin gaskiya game da kansa ba. Talaka in ya yi kuskure, abokinsa ya gaya masa a majalisa, ko maƙwabcinsa ya yi masa ba'a. Hakimi kuwa da ya buɗe baki sai a ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe.” Fadawa aikinsu ke nan, ba laifinsu ba ne. Amma wanda ya yi shekara ashirin yana jin wannan amsa safe da yamma, in bai yi hattara ba, sai ya ɗauka lalle duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Tun a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya yi ta nanata masa hatsarin da ke cikin shugaba ya shige gida ya nisanci talakawansa. Mai mulki yana iya zama a zaure kullum, ƙofa buɗe, amma yabo ya zama masa labule.

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda aikinsa kullum shi ne duba laifin mutane, shi ya fi kowa bukatar ya riƙa duba ƙarƙashin ƙafarsa.

Abin da magabata suka yi

Wannan al'ada tsohuwa ce ƙwarai. A Bagadaza an yi wani malami, Harisu ɗan Asad, wanda ya rasu a shekarar 857, saboda yawan yi wa kansa hisabi har aka yi masa laƙabi da Muhasibi, kuma da wannan suna aka san shi har yau. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya keɓe wa wannan magana babi guda cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya kuma ɗauko misalinsa daga kasuwa. Ya kwatanta hankalin mutum da attajiri, zuciyarsa kuwa da abokin cinikin da aka ba jari. Attajiri mai wayo yakan kafa wa abokin cinikinsa sharaɗi tun da fari, ya sa masa ido sa'ad da ake ciniki, sa'an nan ya zauna da shi su yi lissafin riba da hasara. Haka mutum zai kafa wa zuciyarsa sharaɗi da safe, ya lura da ita da rana, ya yi mata hisabi da dare. Matakan da Gazali ya jera shida ne, amma waɗannan uku su ne ginshiƙi.

A ƙasar Hausa ma akwai abin koyi. Bayan an fara samun nasara a jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya dubi halin da jama'arsu ta fara shiga na son mulki da tara dukiya, abin ya dame shi har ya rabu da runduna da niyyar tafiya Makka. Da ya iso Kano, wajen shekarar 1806, mutanen garin suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake riƙon ƙasa, shi ne ya wallafa Diya'ul Hukkam. Abin lura a nan shi ne a lokacin cin nasara ya yi wannan dubawa, lokacin da yawancin mutane ba su ganin aibin kansu. Shehu Usmanu kuma cikin Kitabul Farƙ ya jera miyagun al'adun masu mulki, har da karɓar gaisuwa daga masu neman biyan bukata, domin wanda ya sami mulki ya sami abin da zai gwada kansa da shi.

Wasu al'ummai ma sun san wannan hanya. Sarkin Rum Markus Awreliyus, wanda ya yi mulki daga shekarar 161 zuwa 180, yakan rubuta wa kansa gargaɗi, wani sashi ma a sansanin yaƙi ya rubuta shi, yana tuna wa kansa haƙuri da mutane da ƙarancin kwanan duniya. Benjamin Franklin na Amurka, wanda ya rasu a shekarar 1790, ya yi nasa irin na akawu. Ya sami ɗan littafi ya ja layuka, ya jera halaye 13 da yake so ya mallaka, kamar tsare baki da tsari da gaskiya, ya yi gida bakwai domin kwanakin mako. Kowane dare sai ya ɗiga baƙin tawada a gidan halin da ya saɓa. Kowane mako kuma hali ɗaya yake sa wa ido sosai. Da ya tsufa ya faɗa cewa bai kai ga cikar halin da ya nema ba, amma ƙoƙarin ya sa ya fi yadda da zai kasance kirki da jin daɗi.

Abin da binciken masana ya nuna

Masana halin ɗan Adam sun gwada wannan abu da awo. Cikin wani bincike da aka buga a shekarar 1986, wani malamin jami'a a Amurka, James Pennebaker, tare da abokiyar aikinsa, suka sa ɗalibai su riƙa rubutu na minti 15 kowace rana har kwana huɗu a jere. Wasu aka ce su rubuta abin da ya taɓa ƙona musu rai da yadda suka ji a zuci, wasu kuwa aka ba su abin da ba shi da muhimmanci. Cikin watannin da suka biyo, na farkon ba su je asibitin jami'a kamar yadda na biyun suka je ba. An sāke irin wannan gwaji sau da yawa a ƙasashe dabam dabam. Amfanin da ake samu matsakaici ne, kuma ba kowa ke samunsa ba, amma dai ya nuna cewa damuwar da aka fito da ita aka tsara ta da kalmomi ta fi sauƙin ɗauka bisa wadda aka bari tana dama zuciya.

Game da jin daɗin aiki kuwa, Teresa Amabile ta Jami'ar Harvard da Steven Kramer sun sa ma'aikata 238 na kamfanoni 7 su riƙa rubuta ɗan bayanin yininsu kowace rana, har suka tara bayani kusan 12,000, suka buga sakamakon a shekarar 2011. Abin da suka gano shi ne, cikin abubuwan da ke faranta wa ma'aikaci rai a wurin aiki, ba abin da ya kai ya ga aikinsa mai ma'ana ya ci gaba, ko da da taki ɗaya ne.

Wannan magana ta shafi hakimi ƙwarai, domin aikinsa irin wanda nasararsa ba ta da amo ne. In ya sasanta manomi da makiyayi tun kafin a zare sanda, ba wanda zai ji labari, domin ba abin da ya faru. In rikici ya ɓarke kuwa, duk ƙasa ta ji. Saboda haka mai wannan aiki yana iya yin shekara yana ganin kamar ruwa yake zubawa a rariya, alhali kuwa gidaje da yawa suna zaune lafiya saboda shi. Haka aka yi da cutar shan inna. Sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwa sun yi shekaru suna bi gida gida suna lallashin iyaye, wata rana a karɓe su, wata rana a rufe musu ƙofa, har a watan Agusta na shekarar 2020 aka tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka. Wanda ya riƙa lissafa gidan da ya yarda yau, ya ga tafiyar tun tana gudana. Wanda bai lissafa ba, ƙofofin da aka rufe masa kaɗai yake tunawa. Hisabin kai ke nan ya haɗa da ƙirga riba, ba hasara kaɗai ba.

Bambancin hisabi da zullumi

A nan ne ake yawan kuskure. Akwai mutumin da in ya kwanta sai ya yi ta jujjuya abu ɗaya a ransa: me ya sa wane ya yi mini haka, me ya sa kullum ni, ina ma ban faɗi kaza ba. Ya kai asuba bai runtsa ba, bai kuma ƙulla kome ba. Wannan zullumi ne, kuma cuta yake jawowa. Wata masaniya, Susan Nolen-Hoeksema, ta auna halin wasu ɗaliban Jami'ar Stanford kwanaki kaɗan kafin girgizar ƙasar da ta auku a Kalifoniya a shekarar 1989, ta kuma sāke auna su bayanta. Ta tarar waɗanda dā ma suke da al'adar tauna damuwa su ne baƙin ciki ya fi daɗewa a jikinsu.

Ana rarrabe su da alamu uku. Hisabi yana da lokacin farawa da na gamawa, zullumi kuwa ba shi da iyaka. Hisabi aiki yake dubawa, ya ce yau an katse wa wani tsoho magana, zullumi kuwa mutum yake yanke wa hukunci, ya ce ni ban iya kome ba. Hisabi yana ƙarewa da niyyar abin da za a yi gobe, zullumi kuwa yana ƙarewa inda ya fara. Da na sani ƙeya ce, a baya take. Ana waiwayen baya ne domin a gyara gaba.

In mutum ya ga damuwa ta hana shi barci ko cin abinci har mako biyu ko fiye, ko ya daina jin daɗin abin da dā yake so, to abin ya wuce na hisabi. Sai ya ga likita, ya kuma gaya wa wani amininsa. Ba abin kunya ba ne, ko ga mai rawani.

Yadda ake yi

Ba a bukatar kome sai minti 10 ko 15, da wurin da ba hayaniya, da ɗan littafi ga mai so. Lokacin da ya fi dacewa ga yawancin mutane shi ne bayan sallar lisha, in fadanci ya watse. A kashe waya, a sallami yara. Sa'an nan mutum ya bi yininsa daga safe zuwa dare, ya tambayi kansa waɗannan:

1. Wane abu ne ya tafi daidai yau, kuma me ya sa ya tafi daidai?
2. Akwai wanda ya zo da magana ya koma ba a saurare shi ba?
3. A shari'ar da aka kawo, an ji ta bakin kowane sashi kafin zuciya ta karkata?
4. Akwai kyauta, ko zumunta, ko tsoron wani babba, da ya shiga cikin hukunci?
5. An yi fushi? In an yi, laifin wanda aka yi wa ne, ko gajiya ce da yunwa?
6. Wane alkawari aka ɗauka wanda ba a cika ba tukuna?
7. Wane abu ɗaya ne za a gyara gobe?

Tambaya ta bakwai ita ce kan magana, kuma abu ɗaya ake ɗauka, domin wanda ya ɗauki goma ba ya cika ko ɗaya. A misali, an kawo wa hakimi ƙarar 'yan'uwa biyu a kan iyakar gona. Babban ya iya magana, ƙaramin kuwa yana in-ina, rana ta yi zafi, sai hakimi ya katse shi ya ce a bi maganar wansa. Da dare, da ya zo kan tambaya ta uku, ya ga inda aka kauce. Da safe sai ya aika a kira su, ya ce wa ƙaramin, “Malam, jiya ba ka ƙarasa maganarka ba. Ƙarasa, ana jinka.” Watakila hukuncin bai sāke ba, domin mai yiwuwa ne wansa ke da gaskiya. Amma mutumin zai tashi yana cewa, “Ranka ya daɗe, na yarda,” kuma maganar ta mutu ke nan. Da an bar ta, da ta kwanta a ciki ta zama gaba, watakila har jikoki su gāje ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma girman hakimi bai ragu da kome ba.

Ban da na kullum, yana da kyau a yi na mako, kamar ran Alhamis da dare, a duba abin da aka rubuta cikin kwana bakwai. A nan ne ake ganin abin da yini ɗaya ba ya nunawa. Mutum yana iya lura cewa duk fushinsa bayan azahar yake zuwa, sai ya mai da shari'u masu nauyi da safe. Ko ya lura cewa wani ƙauye na nesa ya yi wata huɗu ba a je masa rangadi ba, ko kuwa bakin mutum ɗaya yake jin labarin wata unguwa. Sau ɗaya a shekara kuma, bayan kaka ko cikin watan azumi, a yi babban hisabi.

Littafin hisabi na mai shi ne shi kaɗai. Kada a haɗa shi da littattafan ofis, kada kuma a rubuta sunayen mutane da asirinsu a ciki, domin takarda ba ta da amana. Alama ko harafi ɗaya ya isa. Tun da yake kuma ido ba ya ganin abin da ke bayan kai, ya kamata kowane hakimi ya sami mutum ɗaya wanda ba ya neman kome a wurinsa, ko limami, ko wani tsohon dagaci, ko abokin ƙuruciya, ya ba shi izinin faɗa masa gaskiya a keɓe. In ya faɗa kuwa, a gode masa, domin in aka ɓata fuska sau ɗaya ba zai ƙara ba.

Rabon malamin hakimi

Malami shi ne alƙalamin gunduma. Abin da ya rubuta shi ke zuwa gaban Sarki, shi kuma za a buɗe bayan shekara talatin in rikicin gona ya sāke tashi, lokacin da shaidu duk sun rasu. Saboda haka nasa tambayoyin su ne: abin da aka rubuta yau, haka aka faɗe shi? Akwai takardar wani da aka danne a ƙarƙashin tari don bai kawo goro ba? Akwai wanda aka ce masa “dawo gobe” alhali aikinsa na minti biyar ne, shi kuwa daga nesa ya taho? An fitar da maganar ofis waje?

Aikin malami yana da gajiyarwa, yabonsa kuma kaɗan ne, domin in an yi daidai sunan hakimi ake ambata. Malamin da ba ya hisabi yakan wayi gari yana ganin kansa mai kwafe takardu kurum, daga nan sai sakaci ya shigo. Wanda yake yi kuwa yana ganin cewa yau wata gwauruwa ta sami takardar gonar marayunta ta hannunsa, jiya kuma wani yaro ya sami shaidar da za ta shigar da shi makaranta. Albashinsu ɗaya, amma ba ɗaya suke kwana ba. Kuma in hakimi da malaminsa suka saba zama na minti kaɗan a ƙarshen mako, su duba alkawaran da aka ɗauka da takardun da suka kwana, aiki yakan yi sauƙi ga duka biyu.

Abin da za a sa rai da shi

Kada a zaci wannan al'ada za ta ƙara albashi, ko ta kawo ruwan sama, ko ta hana mutane kawo ƙara. Kada kuma a zaci hali zai sāke cikin mako ɗaya. Abin da take kawowa shi ne kuskure ya riƙa mutuwa yana ƙarami, alkawari ya daina ɓacewa, mutum ya san alherin da ya gudana ta hannunsa, ya kuma kwanta ba da kayan jiya a kansa ba. Hakimin da ya sami waɗannan yakan fi haƙuri a zaure, ya fi sakin fuska a cikin gida, talakawansa kuma su ne na fari da za su ga bambanci.

Wanda ya yi niyya, ya fara da daren yau, da tambaya ta ɗaya da ta bakwai kaɗai, ya riƙe su har kwana 40 kafin ya ƙara sauran. In ya tsallake dare ɗaya ko biyu, ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba sai ya rama ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya taimaki masu riƙon amanar jama'a, ya ba ƙasa lafiya da zama lafiya, amin.